Waya Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Shafi na 27

Ga waɗanda suka shigo yau, bari in ɗan tsaya ku iso.

Ofishin zanen gine-gine ne, ɗaki huɗu a saman bene. Mai shi shi ne Oga, wanda hatiminsa ke kan duk zanen da ya fita daga wurin. Ƙaninsa ne Manaja. 'Yarsa ta ƙarshe, Auta, kwamfuta ta karanta, kuma wata biyar ke nan da aka damƙa mata kula da na'urorin ofishin. Sai Inna Sakatariya, wadda ta kama aiki a wurin tun Auta tana goye.

Suna da aiki, suna da masu kawo aiki. Abin da suka rasa shi ne intanet mai tafiya. Wasu ranakun, daga hantsi har bayan azahar, zane ɗaya sai ya yi awa biyu bai tafi ba. Sati biyu da suka wuce sun rasa kwangilar wata makaranta, don zanen ya maƙale a hanya har lokacin karɓa ya wuce. Manaja ya ce ya san mai laifi: Inna ce ke kallon fina-finai a teburinta. Yau Alhamis. Takardar sallamarta tana kan teburinsa, sa hannun Oga kawai take jira.

Auta ta yi sallama, ba ta jira an amsa ba ta tura ƙofar. Kwamfutarta na rungume a ƙirji, ƙurar silin a kan mayafinta.

“Baffa, ina son magana.”

Manaja bai ɗago ba. Wata takarda mai sheƙi yake dubawa, mai hoton baƙin akwati da fitilu.

“In dai maganar tsohuwar kwamfutar nan ce da kika jona a sito, na ce ki cire ta. Gobe mai kamfani zai kawo wannan.”

“Me yake yi?”

“Toshe wuraren fim da waƙa. Kowa ya huta.”

“Yana nuna wanda ke cinye layin?”

“Mu ba nuni muke nema ba, magani muke nema.”

“Kuɗinsa ya kai albashin mutum uku, kuma duk shekara sai an sake biya. Tawa manhajar kyauta ce. Kwamfutar da na ɗora ta a kai shekara huɗu tana sito, ɓera ma ya gaji da ita.”

“Shi ya sa. Kayan bola da abin kyauta, da su za ki gyara mana ofis?”

“Ba gyara take yi ba, Baffa. Ƙirga take yi, kamar mitar ruwa. Kwana goma tana ƙirgawa. Ka ba ni minti biyar.”

“Ba ni da shi.”

Ta ajiye kwamfutar a kan takardar mai sheƙi, ta juya masa allon.

Sai a lokacin ya ɗago. Ya haɗe rai.

“Ke, ni sa'anki ne?”

“A'a. Shi ya sa na zo wurinka kafin in je wurin kowa.”

Ta yi bayanin a hankali, yadda ta saba yi wa Inna in firinta ta ƙi aiki.

“Layin intanet bututu biyu ne. Ɗaya na shigo da abu, ɗaya na fitar da abu. Namu na shigowa mai faɗi ne, na fita siriri. Mai kallon fim jawo abu yake yi ciki. Mu kuwa me ke damunmu? Zane ne ba ya fita. Ko wuni Inna take yi tana kallo, ba ita za ta hana zane fita ba.”

“Turanci dai.”

“Da Hausa na faɗa, Baffa.”

Ta nuna wani siririn layi a ƙasan allon, kwance kamar zare.

“Wannan kwamfutar Inna ce. Wasiƙa bakwai, takwas a rana. Shi ke nan.”

Ta matsar da yatsa sama, inda wani jan layi ya yi tudu biyar, kowanne da faɗin kai kamar tebur.

“Wannan kuma shi ne mai cika bututun fita. Talata, Alhamis, Asabar. Talata, Alhamis. Ƙarfe goma yake tashi, ƙarfe biyu yake sauka. Ba ya kuskure.”

Dogo Mai Zane, wanda ya fi kowa daɗewa a ofishin in ka cire Inna, ya leƙo da biro a bayan kunne. Dama tun ɗazu yana bakin ƙofa.

“Manaja, ni fa na faɗa tun farko. Inna ko bidiyon jikarta aka turo mata sai ta kira ni in buɗe mata. In ya ƙare kuma ta ce in rufe, kada ya ƙara cin kuɗi.”

“An kira ka?”

“Ba a kira ni ba. Tsani na zo karɓa.”

“Wane tsani?”

Dogo ya dubi Auta, ya sosa ƙeya, ya ja ƙofar ya koma.

Manaja ya juyo a hankali.

“Me kika yi da tsani?”

“Akwatin rarraba intanet da ke sito, kowace waya da ke jikinsa na manna mata lamba tun zuwana. Goma sha uku na san inda suka nufa. Ta goma sha huɗu ka ce mini ta tsohuwar firinta ce, in bar ta. Na bar ta. Jan layin nan daga ita yake fitowa.”

Ta karkaɗe ƙurar da ke mayafinta, ta ci gaba.

“Yau na bi ta. Silin ta shiga. Can sama akwai ƙaramin akwati, wayoyi huɗu sun fita daga cikinsa, kowace ta sauka a cikin farin abin nan na jin hayaƙi da ke manne a saman kowane ɗaki. Na buɗe na ɗakin zane.”

Ta zaro shi daga aljihun jakarta, ta ajiye a kan tebur. A tsakiyar farar robar akwai ɗan baƙin ido, bai kai ƙwayar wake ba.

“Kyamara ce, Baffa.”

“Don tsaro ne. Kowane ofis yana da ita.”

“Ta tsaro a ƙofa ake sa ta, kowa ya gani. Wannan a kan mutane take. Kuma ba kullum take tura hoto waje ba, sai wani ya buɗe waya yana kallo. Ƙarfe sha ɗaya da rabi na zare waya ta goma sha huɗun. Zanen da ya yi awa guda yana rarrafe, minti biyu ya tafi. Minti uku bayan haka wayarka ta yi ƙara, ka fito kana tambayar wa ya shiga sito. Wa ya kira ka?”

“Ba ruwanki.”

“Wa ya ga hotonsa ya ɗauke, Baffa?”

“Na ce ba ruwanki.”

“Wanda ya saka muku ita bai gaya muku za ta cinye layin ba?”

Manaja ya kawar da kai wajen taga. Wannan kawar da kan ya ishe ta amsa.

“Ya gaya maka ke nan. Ka sani. Ka sani ka tara mu a ɗakin zane, a gaban yaran da ta haifi kamarsu, ka ce Inna tana cin amanar ofis. Ka shafa mata kashin kaji da rana tsaka. Yanzu kuma za ka sayo akwatin da ba ya nuna komai, don kada a taɓa gani.”

“Ki iya bakinki.”

“Na iya shi kwana goma.”

Ya bugi tebur da tafin hannu, farar robar ta yi tsalle.

“Wata biyar da zuwanki, kin zo kina koya mana aiki? Akwai abin da ba ki sani ba, yarinya. Ki mayar da wayar nan inda kika ciro ta, ki goge wannan zane-zanen naki, kafin Yaya ya dawo.”

“Ba zan goge ba.”

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Inna Sakatariya ce, da kwali a hannu. A ciki akwai butarta, da dardumar salla, da kofin shayinta mai tsagaggen baki, da ɗan matashin da take jinginawa saboda bayanta. Ta ajiye makullai uku a gefen tebur.

“Manaja, ga na durowa, ga na kabad, ga na ƙofar ƙasa. Na jera wasiƙun gobe a fayil mai ruwan ɗorawa.”

“Inna, ki ɗauki makullanki,” in ji Auta. “Babu inda za ki.”

“Bar shi, 'yata.”

“Ba ke ba ce. Ga shi nan a rubuce, ba ke ba ce.”

“Na san ba ni ba ce. Ni da ban san inda ake danna fim ba.”

“To me ya hana ki faɗa? Aka tsayar da ke kamar ɓarauniya, kika sunkuyar da kai.”

Inna ta dubi Manaja, sannan ta dubi ƙasa.

“Shekaruna sun kai na hutu. Ki bar maganar.”

“Hutu ake ba mutum da takardar kora?”

Suka ji taku a matakalar bene. Taku ne mai nauyi, ana yi ana tsayawa. Dukkansu sun san mai shi.

Oga ya shigo da hular kwano a hannun dama, rigarsa mai dogon hannu a rufe da maɓalli har wuyan hannu duk da zafin da ake yi. Idonsa ya sauka a kan farar robar da ke tebur, ya daɗe a wurin.

“Wa ya ciro wannan?”

“Ni ce, Baba. Sannu da dawowa.”

“Da izinin wa?”

“Kai ka ce in gano abin da ke damun layin. Na gano.”

“Na ce ki gano, ban ce ki hau silin ɗina ba.”

“Kai ne ke kallo, Baba?”

“Ofishina ne.”

“Na sani. Tun yaushe?”

Maimakon Oga, Manaja ne ya ce, “Yaya, na gaya mata ta fita.”

“Akwatin da ke silin yana da kwanan watan da aka kunna shi,” in ji Auta. “Wata takwas. Ɗaya daga cikin idanun nan a saman teburin Inna yake, daidai kan allonta. Wata takwas kana kallon abin da take yi.”

Ta dubi Manaja, ta mayar da ido kan mahaifinta.

“Baffa ya yi mata ƙarya, wannan daban. Kai kuwa da idonka ka ga ba ta kallon komai. Kuma ka ce a rubuta takardar.”

“Ni kike yi wa titsiye?”

“Ita ta riƙa kai ni makaranta ranar da direba bai zo ba. Ita ta yi jinyar Umma a haihuwar da ba a samu ba. Shekara ashirin da uku, Baba.”

“Ya isa.”

“Bai isa ba. Talata da Alhamis da Asabar, littafin ofis ya ce ka tafi duba fili. Wane fili ne ake dubawa awa huɗu ido na kan waya? Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dubi takalminka, ko ɗigon laka babu.”

Oga ya dubi takalmin, kamar yanzu ya fara ganinsa. Ya ɗaga hular kwanon zai nuna ta da ita, bakinsa ya buɗe, sai ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa. Ya yi baya, kafaɗarsa ta bugi kabad.

Auta ta yi wuf ta cafke hannunsa na hagu.

“Ba wannan hannun ba,” in ji Inna da sauri. Kwalin ya suɓuce mata, butar ta gangara ƙarƙashin tebur. “Saki, 'yata. Kama na dama.”

Auta ba ta saki nan da nan ba. A ƙarƙashin rigar ta ji tudun filasta. A ƙarƙashin filastar kuma wani abu yana kaɗawa cikin naman hannun, ba tsayawa, kamar waya mai ruri a aljihu.

Inna ta jawo kujera, ta zaunar da shi, ta ɗaga masa ƙafafu a kan kwalin, ta kunce maɓallin wuyan rigarsa. Babu abin da ta tsaya tambaya. Hannun da ya saba ne.

Auta ta ja da baya har ta jingina da bango.

“Mene ne wannan?”

Ta juya ga Inna.

“Inna, mene ne a hannun Baba?”

“Kada ki,” in ji Oga, idonsa a rufe.

“Yallaɓai, na gaya maka tun watan jiya na gama.” Inna ta miƙe, ta gyara gilashinta. Wannan ne karo na farko da Auta ta ji zafi a muryarta. “Wankin ƙoda ake yi masa. Sau uku a sati, awa huɗu. Wata takwas ke nan. Ni nake karɓar masa lokaci a asibiti, ni nake rubuta ‘duba fili’ a littafi. In mahaifiyarki ta kira waya ba ta same shi ba, ni nake ce mata babu sabis a wurin aikin.”

Ta juya ga Manaja.

“Watan jiya matarsa ta kira ni, ta ce, ‘Yaya, ki gaya mini tsakani da Allah, me ya sa mijina yake ramewa?’ Na ce aiki ne. Da na ajiye wayar na kasa cin abinci. Na zo na gaya muku ku biyu, in ta sake tambayata ba zan yi mata ƙarya ba. Sati bai zagayo ba aka ce ina kallon fim.”

Manaja ya miƙe tsaye.

“Ke kin san abin da zai faru in maganar nan ta fita? Hatimin Yaya ake saya a nan, ba zanen Dogo ba. Masu kwangila su ji yana kwance da allura a hannu sau uku a sati, wa zai ba mu ginin shekara biyu? Mutum goma sha ɗaya ke ci a nan.”

“Matarsa ba mai kwangila ba ce,” in ji Inna.

“In ta sani, 'yan'uwanta sun sani. In sun sani, gari ya sani.”

“Shi ya sa ka zaɓi ka ci mutuncina.”

“Na zaɓi ofis.”

Auta tana kallon mahaifinta. Sai yanzu ta lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ta lura da kofin ruwan da ya daina cikawa a gida, da gishirin da yake cewa ya ishe shi. Duk ta gani, ba ta haɗa su ba. Tausayi ya taso mata, fushin bai ba shi hanya ba, suka cakuɗe a ƙirjinta.

“Me ya sa kake kallonmu?” ta tambaya a hankali.

Oga ya buɗe ido.

“Awa huɗu mutum yana kwance, na'ura tana juya jininsa. Na gefena jiya yana nan, yau babu shi. In na buɗe wayar na ga Dogo yana faɗa da firinta, na ga kina cin gyaɗa a kan kwamfuta alhali na hana, sai in ji ban fita daga cikin mutane ba.” Ya numfasa. “Ban san shi ke hana zane tafiya ba. Wannan bai gaya mini ba.”

Manaja ya sunkuyar da kai.

“Amma ka san ba ta kallon fim,” in ji Auta.

“Na sani.”

“Kuma da za ka sa hannu.”

Ya gyaɗa kai.

“Da zan sa.”

Inna ta durƙusa ta jawo butarta daga ƙarƙashin tebur. Ba ta dubi kowa ba.

Oga ya miƙa hannun dama.

“Ba ni takardar.”

Manaja ya miƙa masa. Ya karanta ta daga sama har ƙasa, sannan ya shimfiɗa ta a kan gwiwarsa. Ya zaro biro daga aljihu, bai cire murfin ba.

“Auta, zo nan.”

Ta matso.

“Kin fi mu gaskiya. Akwatin nan ba za a saya ba. Ki bar taki mitar, ta yi aikin da aka sa ta. Wayar da kika zare ma kada ki mayar, na haƙura da kallon. Gobe zan tara ma'aikata da kaina, in ce an yi kuskure, wata na'ura ce ta lalace, Inna ba ta da laifi. In yaga wannan a gabansu.”

“To ka yaga yanzu.”

“Da sharaɗi.”

Ya dubi Inna.

“Ke ba zan ƙara sa ki ƙarya ba. Daga yau in matata ta kira ofis, ba ke za ki ɗauka ba.”

Ya mayar da ido kan 'yarsa.

“Ke za ki ɗauka. Littafin ma ke za ki riƙa rubutawa. A gida in ta tambaye ki, fili na je. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba, kin san hawan jininta.”

“Yallaɓai, kada ka ɗora wa yarinyar nan,” in ji Inna. “Sa hannu kawai in tafi. Na yafe aikin.”

“Ba ki yafe ba. Jikoki uku kike riƙo, na san wanda ke biya musu makaranta.” Ya cire murfin biron. “In maganar za ta isa gida ko ta yaya, to gara kowa ya san ba a karya mini umarni a ofishina. Auta, ke nake jira.”

“Baba, wannan ba adalci ba ne.”

“Ban ce adalci ba ne.”

Wayar Auta ta fara ruri a kan tebur, kusa da farar robar mai ido. Allon ya yi haske, su huɗun duka suka ga sunan da ya fito.

Umma.

Ta yi ruri sau ɗaya, sau biyu. Bakin biron yana kan takardar, bai motsa ba.

A nan Auta ta gane abin da ya faru. Ta wanke Inna daga laifin da ba ta yi ba, amma aikin Inna bai tsira ba, yanzu a hannun ita Autar yake. In tana son Inna ta zauna a kujerarta gobe, sai ta ɗauki wayar nan ta ce wa mahaifiyarta Baba ya dawo daga duba fili lafiya.